Kwanson Harsashi a Cikin Mayafina

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Abu Hail da ke Dubai, a wani ɗan fulat mai ɗaki biyu, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai in fara da dariya, in ƙare da share ido. Waɗanda suka san ni sun san ni ba mai fita ba ce. Daga kicin sai falo, daga falo sai taga in leƙa titi. Maigidana ne mai yawo, shi da harkarsa ta kago, wato aika wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida. Boko kuwa tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare muka yi sallama da shi, ba faɗa ba zagi. Amma Allah Ya ba ni kunne. Sallamar mutum kawai zan ji daga bakin ƙofa in gaya muku ko daga farin ciki ya fito ko an ɓata masa rai a hanya.

Babban yayanmu soja ne, ni kuma ni ce auta. Ya haura shekara ashirin cikin kaki, ya fita da muƙamin saje. Rabin aikinsa a daji ya yi shi, sauran rabin kuma yana koya wa kurata harbi. Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi. Matarsa ta bugo min waya daga Kano ta ce, "Don Allah ku samar wa yayanki abin yi, har tukwanena ya fara yi wa fareti."

Maigidana ya nemo masa aikin gadi a wani sito a Jebel Ali. Yaya ya shekara yana buɗe ƙofa yana rufewa, bai taɓa ƙorafi ba. Daga nan ya ji labarin wani kulob na harbi, inda 'yan gari da baƙi masu yawon buɗe ido suke zuwa a koya musu riƙe bindiga don nishaɗi. Ya je, suka gwada hannunsa, suka ɗauke shi gwajin wata uku, suka mayar da bizarsa ƙarƙashinsu. Kun dai san yadda abin yake a nan. In suka ce ba su riƙe shi ba, biza ta mutu, sai haɗa jaka. Ga shi ya riga ya ajiye aikin gadin, kuma mutumin da furfura ta fara cin gemunsa ba kowane kamfani ne zai sake kallonsa ba.

A Al Nahda yake kwana, ɗaki ɗaya da wasu mutum uku, amma duk Juma'a bayan masallaci gidana yake zuwa cin tuwo da miyar kuka. Yaya idan ya yi sallama har maƙwabtanmu Indiyawa sun san ya iso. Kunnensa na hagu ƙarar bindiga ta tafi da shi tuntuni, shi ya sa bai san yana ɗaga murya ba. To wata Juma'a, saura mako ɗaya gwajin ya cika, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa kamar ta mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Na bari ya yi loma uku sannan na ce, "Yaya, me suka ce maka?"

"Su wa?"

"Ka san su wa. Miyar nan ba ta taɓa daɗewa haka a gabanka ba."

Ya cire hannu daga kwano. Ya ce ogansu, wani dattijon Balarabe wanda shi ma tsohon soja ne a ƙasarsu, ya kira shi ofis. Ƙorafi ya yi yawa a kansa. Wata mata ta fita tana kuka saboda tsawar da ya daka mata. Wani Bature kuma ya juyo da bindiga a hannu wai zai ɗauki hoton kansa, Yaya ya karɓe bindigar ya ce masa ya kama kunne ya yi tsallen kwaɗo.

Maigidana ya ƙware da ruwa. "Saje! A Dubai? Tsallen kwaɗo?"

"Ai bai yi ba."

"Da ya yi fa?"

"Da ya amfane shi," in ji Yaya, ko murmushi babu.

Ogan ya ce masa a iya bindiga da kiyaye ƙa'ida ba shi da na biyu a wurin, amma nan ba bariki ba ne. Ya ce ba zai ƙara haɗa shi da baƙon kulob ba. Ranar Asabar ta sama ya zo da nasa ɗalibin, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, shi kuma ogan zai tsaya a bayansu daga farkon darasi har ƙarshe. Abin da ya gani ranar shi zai yanke.

Muka dubi maigidana gaba ɗaya. Bawan Allah nan take ya tuna yana da kwantena a Jebel Ali ranar Asabar.

Na ce, "Alhaji, ba jiya ka ce sai Litinin za ta iso ba?"

"An matso da ita," ya ce, yana kallon silin.

Ban san lokacin da bakina ya ce "Ni zan je" ba. Ni da ko balan-balan yara suka fasa sai na dafe ƙirji.

Makon nan kullum da la'asar Yaya yana gidana. Muciya ce bindigarmu. Ya tsayar da ni a tsakiyar falo, in raba ƙafa, in miƙa hannu biyu, in saita labule. Ranar farko ko minti biyar ba mu yi ba, na ɗora yatsa a inda ya ce nan ne kunama, wato wurin da ake dannawa harsashi ya fita, sai na ji "Ɗauke yatsa!" kamar an fasa tulu a kaina. Muciya ta faɗi. Ni ma na shige kicin na rufo ƙofa.

Ya biyo ni ya tsaya daga waje. "Auta."

"Ni ba kurtu ba ce, Yaya. 'Ya'yana huɗu."

"Na sani."

"Da bindigar gaske ce a hannuna ka yi wannan tsawar, wallahi dannawa zan yi don firgita. Kai ba ka ga yadda Inna take yi ba? Yaro in ya ɗauki wuƙa ba a yi masa ihu. Lallaɓawa ake a matso kusa, ana masa hira, har a kama hannun."

Na ji ya jingina da ƙofar. Can ya ce, "Akwai wani yaro da na horar. Wata rana na hango shi yana wasa da bindiga, yana nuna abokinsa da ita, wai babu harsashi. Na gaji ranar, na ce bari in ƙarasa wurinsu in yi masa magana a hankali. Ban ƙarasa ba." Ya yi gyaran murya. "Tsawar da ban yi ba ranar ita nake ta yi har yau."

Bai taɓa ba wa kowa a gidanmu wannan labarin ba. Na buɗe ƙofa, na ɗauko muciyata daga ƙasa na ce mu ci gaba. Muka yi yarjejeniya: duk sanda muryarsa ta haura, zan ɗaga gira. Jama'a, makon nan girata ta sha aiki. Amma na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da ɗaruruwan samari suke rawar jiki in ya yi tari, ga shi yana tambayar ƙanwarsa, "Yanzu fa? Haka ya yi? In ƙara sassautawa?" Ranar Alhamis har maigidana ya ce, "Saje, ka koma kamar mai karanta labarai a rediyo."

Asabar ta zo. A nan ne na yi tawa wautar. Ni a tunanina za ni wurin aikin yayana, gaban ogansa, ba zan je kamar wadda aka koro ba. Na ciro leshina na Sallah mai faɗin wuya, na kafa ɗauri ya tashi sama, na yafa mayafi mai santsi na zagaya shi a wuya sakwa-sakwa, na fesa turare. Da Yaya ya zo ɗaukata na ga ya dube ni, idonsa ya tsaya a wuyan rigar, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya kawar da kai ya ce, "Yalla, mu je."

Wurin sanyi ƙalau, ga wani wari kamar na ashana da aka kashe. Ogan ya fito, gajere mai farin gashin baki, ya dafa ƙirji ya gaishe ni. Matsala ta farko, abin toshe kunne ya ƙi zama a kan ɗaurina. Dole na shiga banɗakin mata na kwance ginin da na ɓata rabin awa ina yi, na ɗaure shi a kwance kamar mai shirin daka. Abin kunnen irin na zamani ne, yana tare ƙarar harbi amma kana jin maganar na kusa da kai. Aka ba ni tabarau, muka shiga wani ɗan lungu mai katanga dama da hagu, takarda mai zanen da'ira tana rataye can gaba. Ogan ya tsaya a bayanmu, ya harɗe hannu.

Yaya ya fara. Wallahi kamar ba shi ba. Ya nuna min ƙaramar bindigar babu komai a ciki, ya buɗe ta na leƙa da idona, ya sa na taɓa da yatsa. Ya ce bakinta kullum gaba, ko da me ya faru, ko da gini ne ya faɗo. Ya ce yatsa a miƙe a gefe sai na shirya. Duk abin da muka yi da muciya, amma yanzu ƙarfe ne mai sanyi da nauyi. Ya loda harsashi goma, ya tsaya dab da kafaɗata ta dama.

"A hankali, Auta. Ba gudu muke ba. In kin shirya."

Na farko, na rufe ido na danna. Hannuna ya yi sama, na ce "Innalillahi!" Ya ce, "Madalla. Kin ga ba ta cinye ki ba. Wannan karon ki bar idon a buɗe ki ga abin da kike yi." Na biyu har na ji wani ɗan daɗi-daɗi.

Na uku ne ya zo da magana. Ashe duk harbi, bindigar tana tofar da kwanson harsashin ta gefe, da zafinsa kamar an ciro shi daga garwashi. Wannan ya daki katanga, ya dawo, ya faɗa cikin naɗin mayafina, ya zurara ta wuyan leshi ya manne min a ƙasan wuya.

Ku yafe ni, duk karatun mako guda a take ya bi iska. Na ƙwalla "Wayyo Inna!" na fara juyowa da dukan jikina, bindiga a hannu, harsashi bakwai a ciki, yatsana a kan kunama. Ogan kuma yana tsaye a bayana.

Ban kai ko rabin juyawa ba na ji hannu ya kama wuyan hannuwana biyu, ba da fizga ba, kamar dai an dasa ni. Bakin bindigar ya koma gaba. Sai murya a gefen kunnena, ƙasa-ƙasa:

"Ina nan, Auta. Na riƙe. Miƙe yatsan nan. Yawwa. Sake min ita. Shi ke nan."

Ni mai kunne ce, na gaya muku. Muryar nan na san ta. Da ita ya taɓa cire min ƙaya a tafin ƙafa ina 'yar shekara biyar, kafin ya shiga soja. Na zaci ta mutu a bariki tuntuni.

Ya cire gidan harsashin, ya fitar da wanda ya rage a ciki, ya ajiye bindigar a buɗe bakinta gaba. Sai da ya gama wannan duka sannan ya juya min baya, ya tare tsakanina da ogan da faɗin kafaɗarsa, ya ce in kakkaɓe rigata. Kwanson ya faɗo ƙasa yana ƙara. Fatar wurin har ta tashi.

Ogan ya sauke hannuwansa. Ya ce, "Mashallah. Khalas, habibi, khalas." Wato shi ke nan, an gama. Ya ci gaba da Turanci, nawa kuwa na kasuwa ne, amma na gane sauran: abin da yake son gani ke nan, ya gani, magana ta ƙare. Wani sanyi ya sauko min har na manta da ƙunar.

Sai Yaya ya ƙame kamar a fareti ya ce, "Oga, laifina ne."

Na dube shi. Da ƙafata ta kai, da na taka tasa.

Ya ce tun a gida ya ga wuyan rigar da yadda na naɗa mayafin, ya san kwanso zai iya shiga. Da baƙuwa ce da ya sa an ba ta riga mai rufe wuya kafin ta taɓa bindiga. Amma ƙanwarsa ce, matar aure, a wurinmu wa ba ya yi wa ƙanwarsa maganar wuyan rigarta. Ya ji nauyi ya yi shiru, da muka iso gaban baƙon namiji kuma nauyin ya ƙaru. Ya ce kamun da ya yi gyaran ɓarnar da shi ya jawo ne, kada a rubuta masa shi a matsayin gwaninta.

Ogan bai lura da rigar ba sam, ko kuma ya ɗauka haka tufafinmu suke ba yadda za a yi. Da Yaya ya ja bakinsa, da mun fita da takardar aiki a hannu.

Dattijon ya daɗe yana murza gashin bakinsa. Sannan ya juyo wurina ya yi magana a hankali, rabi Larabci rabi Turanci, Yaya yana fassara min, kuma na san bai rage komai ba don ina tsintar kalmomin. Ya ce malami ba a gane shi a harbin farko, sai bayan ɗalibi ya tsorata. Saura harsashi bakwai. Idan na yarda na koma na ƙarasa su a hannun wannan malamin, ya ci. Idan na ce na fasa, ba wanda zai ga laifina, amma shi ya faɗi.

Ƙunar wuyana sai raɗaɗi take yi. Na jira Yaya ya roƙe ni, ko da ido ne. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Auta, in ba za ki iya ba mu tafi. Kada ki duba ni. Gida bai kore ni ba, kuma ban kawo ki nan don ki wahala ba."

Da ya matsa min, ina jin da na ƙi. Amma na tsaya ina kallon mutumin nan da ya ajiye aikinsa a ƙasa da hannunsa don kada ya karɓe shi a kan abin da ba haka yake ba, yanzu kuma yana buɗe min ƙofar gudu. Na ce a raina, in wannan bai cancanci riƙe wa mutane hannu a kan bindiga ba, to waye?

Na ce, "A kawo rigar."

Aka kawo min wata baƙar riga ta ma'aikatan wurin mai zif har haɓa, ta maza, hannunta ya wuce yatsuna sai da aka naɗe. Na ɗora ta a kan leshin Sallah, na cusa mayafi ciki. Allah Ya so ni ba wanda ya ɗauki hoto. Na koma lungun. Yaya ya sake farawa daga farko kamar ba abin da ya faru, ya buɗe bindigar na leƙa, ya maimaita ƙa'idoji, ya loda.

"Ɗaya kawai za ki yi," ya ce. "In kin yi ɗaya sai mu yi shawarar na gaba."

Haka muka bi su, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shawararsa. A na huɗu hawaye ya cika min tabarau, ya ce in ajiye, in share, ba mai jiranmu. Da na harba na bakwai bindigar ta tsaya a buɗe, na ajiye ta bakinta gaba da kaina ba tare da an gaya min ba. Aka janyo takardar. Huda biyu ne a jikinta, duka a can gefe inda babu zane. Sauran takwas Allah kaɗai Ya san inda suka tafi.

Ogan ya miƙa wa Yaya hannu ya ce ya zo ofis Litinin da fasfo ɗinsa. Ni kuma ya ce min, "Shukran, ukhti," wato na gode 'yar'uwa, ya sa aka kawo man ƙuna.

Muka kama hanya a tasi har muka kusa gida. Sannan Yaya ya ce, "Auta, a kurata na ga marasa saiti, amma ke daban ce."

Na ce, "Ai malamin ne sabo."

Ya yi dariyar da sai da direban tasi ya waiwayo.

Yana nan a wurin har yanzu. Ya kawo iyalinsa. Na ji an ce masu zuwa da tsoro, musamman mata da dattawa, shi ake tura wa, kuma kafin kowa ya taɓa ƙarfe sai ya duba wuyan rigarsa da takalminsa ya faɗi abin da ya gani, ko wace ce, ba kunya ba tsawa. Ni dai ban sake komawa ba, kuma ba ni da niyya.

Na taso ina jin ana cewa yayanmu jarumi ne, ina ɗauka jarumtar tana can daji inda ba zan taɓa gani ba. Ashe rabona ne in gan ta da idona, a ɗaki mai sanyin na'ura. Mutum ya haura hamsin ya yarda ƙanwarsa ta gyara masa murya da gira. Ya ci jarrabawa, ya mayar da ita da kansa saboda laifin da ba wanda ya gani sai shi. Tun daga ranar, in na yi kuskuren da ba wanda ya lura, sai in ji bakina ya yi nauyi in na so yin shiru.

Tabon yana nan a ƙasan wuyana, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake. Kwanaki ƙaramar 'yata ta gani ta ce, "Umma, me ya same ki a nan?" Na ce mata a bakin daga na samo shi, ni da kawunta, kuma mu muka yi nasara.